Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Injin Motar Daji Ɗaukar Zafi, da Yadda Ake Gyara Shi

Duk shekara da zarar damina ta kankama, garejinmu a nan Jos ba ya rabo da Hilux da Land Cruiser da Pajero da suka dawo daga ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma kukan masu su ɗaya ne: mota tana obahitin, wato inji yana ɗaukar zafi fiye da kima. Da yawansu kafin su iso wurinmu an riga an cire musu tamostat, an ɗaure fanka, wani ma an canja masa lagireto sukutum, amma allurar da ke nuna zafin inji ba ta daina hawa ba. An kashe kuɗi a kan abin da lafiyarsa ƙalau domin ba wanda ya tsaya ya tambayi direba tambaya guda: yaushe ne motar take ɗaukar zafin? Amsar wannan tambaya ita ce rabin aikin, kuma a kanta na gina wannan bayani.

Abin da ya kamata ka sani game da yadda inji ke huce kansa ba shi da yawa. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaye inji ya kwashi zafi, ruwan ya wuce lagireto, iska ta ratsa lagireton ta tafi da zafin. Tamostat shi ne mai gadin ƙofa, ba ya sakin ruwa zuwa lagireto sai inji ya kai zafin aikinsa. Murfin lagireto kuma yana matse ruwan don kada ya tafasa da wuri. Saboda haka matsala ba ta wuce ɗayan huɗu: ruwa ya ragu, ruwa ba ya zagayawa, iska ba ta ratsawa, ko kuma injin yana haifar da zafin da ya fi ƙarfin abin da aka tanada masa.

Kayan aiki

Ka tanadi sifanu masu lamba 10 da 12 da 14, su ne suka fi yawa a motocin Japan. Sai sukundireba mai faɗin baki da mai tauraro, filaya, tocila mai haske sosai, tsumma mai kauri ko tsohon tawul, mazurari, da roba mai faɗi ta tarar ruwa. Ka samu jarka ɗaya ta ruwa mai tsabta, aƙalla lita 10, da galan ɗin kulant, wato ruwan sanyaya inji da ake zubawa a lagireto. Kilif na tiyo guda uku ko huɗu, guntun robar tiyub, waya mai laushi, da gam mai haɗi biyu su zauna a mota kullum idan kana shiga daji.

Idan da hali, abubuwa biyu suna rage wahala ƙwarai: ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga wanda ake haska wa ƙarfe ya faɗi zafinsa, da famfon gwajin matsi da ake ɗaurawa a bakin lagireto. In babu su, tafin hannu da ido da haƙuri za su yi aikin, zan kuma nuna yadda ake yi a kowane mataki.

1. Abin da za ka yi a lokacin da allura ta hau

Kashe esi nan take. Kunna hita ka kai ta ƙarshe, fankarta ma ƙarshe, ka sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce a cikin mota, tana taimakawa wajen janye zafi. Ka lura da iskar da take fitarwa: idan allura tana sama amma hita na hura sanyi, ruwa ya yi ƙasa sosai, kada ka ƙara ko taku ɗaya.

Nemi wuri ka tsaya. Idan babu tururi kuma ba ka ga ruwa na zuba ba, bar injin yana aiki a silo, wato ba ka taka totur ba, na minti ɗaya ko biyu ka ga ko allura za ta sauko. Ta sauko, to bar shi ya ci gaba da hucewa a haka, ya fi kashewa farat ɗaya, domin da ka kashe ruwa ya daina zagayawa, zafin ya taru a kan silinda, wato ƙarfen da ya rufe saman inji. Idan kuwa tururi na tashi, ko allura ta ƙi motsi, kashe shi.

Daga nan sai jira, aƙalla minti 30, in ka samu awa guda ya fi. Kada ka kwara wa inji ruwan sanyi, ƙarfe mai zafi yana tsagewa ko ya lanƙwashe. Kada kuma ka taɓa murfin lagireto. Wani yaro da ya yi koyo a hannuna ya buɗe murfi da gaggawa don direba na ta matsa masa, ruwa ya yi tsiri ya same shi daga wuya zuwa ƙirji, har yau tabon yana nan, kuma ban daina jin nauyin abin ba. Kafin ka buɗe, kama tiyon sama da tsumma ka matsa. In ya yi tauri kamar taya, akwai sauran matsi, ƙara jira. In ya yi laushi, rufa tawul a kan murfin, kau da fuskarka, murɗa kaɗan zuwa tsayawar farko, bari iska ta gama fita, sannan ka cire.

2. Tambayi motar yaushe take zafi

Wannan mataki ba ya buƙatar sifana. Ka tuna, ko ka tambayi direba dalla-dalla.

Idan zafin yana zuwa ne a tsaye, ko a cunkoson Terminus, ko lokacin da kake rarrafawa cikin taɓo da duwatsu, amma da ka hau kwalta ka yi gudu sai allura ta sauko, matsalar iska ce. Zargi fanka da kejinta da fuskar lagireto.

Idan a cikin gari lafiya lau, amma da ka miƙi hanya ko ka kama Hawan Kibo da kaya sai ta fara hawa, to ruwa ba ya gudu yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe ta ciki ko ta waje, ko kuma kulocin da ke sa fanka ta kama ta ja iska ya yi rauni.

Idan minti goma da tayarwa allura ta wuce rabi tana neman ja, ko ana tafiya ko ana tsaye, tamostat ya maƙale a rufe, ko famfon ruwa ya daina turawa, ko babu ruwan ma gaba ɗaya.

Idan kuma allura tana hawa tana sauka ba dalili, kuma kullum sai ka ƙara ruwa ba ka ga inda yake zuba ba, akwai iska a cikin layin ruwa, kuma mai yiwuwa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, shi ne ke shigar da ita.

Akwai wani abu da mu mutanen Jos ya kamata mu riƙe. Sanyin garin nan yana rufa wa mota asiri. Motar da lagiretonta ya toshe rabi za ta yi shekara tana yawo tsakanin Bukuru da Farin Gada ba ta nuna komai ba, ranar da ka gangara Akwanga ko Lafiya ko Abuja a watan Maris sai ta tona kanta. Don haka "ai a Jos ba ta taɓa yi ba" ba shaidar lafiya ba ce.

3. Duba ruwa da baƙin mai, inji a sanyaye

Duba cikin lagireton kansa, kada ka tsaya ga robar ajiya ta gefe kawai. Sau da yawa robar tana cike amma lagireto ya yi ƙasa, saboda murfi ko ƙaramin tiyon da ke haɗa su ya lalace, ruwa yana fita ba ya dawowa. Kalli launin ruwan. Ja-ja-ja kamar ruwan kududdufi tsatsa ce. Maiƙo a samansa alama ce mai yana haɗuwa da ruwa.

Zaro ma'aunin baƙin mai. Idan man ya koma kamar shayi mai madara, ko ya haura alamar cika ba ka ƙara ba, mai yiwuwa ruwa ya shiga, kada ka sake tayar da injin, tsallaka zuwa mataki na 9. Amma ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai kaɗai bai isa hujja ba. A lokacin hunturun Jos, motar da ba ta yin doguwar tafiya tana tara irin wannan daga raɓa. Abin da ke jikin ma'aunin shi ne abin dogaro.

4. Murfin lagireto

Shi ne mafi arha a duk kayan, shi ne kuma aka fi rainawa. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a nan ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa wajen digiri 96. Injin da ke hawan dutse da kaya yana iya kaiwa wannan zafin ba tare da wata cuta ba. Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne matsin da murfi yake riƙewa, wanda ke ɗaga wurin tafasar zuwa wajen digiri 120. Murfin da ya saki, motarka za ta riƙa amai da ruwa alhali komai nata lafiya.

Juya shi ka duba robobinsa biyu, kada su tsage ko su kumbura. Danna sifirin ɗin, ya kamata ya yi ƙarfi. A samansa akwai lamba, yawanci 0.9 ko 1.1. Sayi mai lamba irin wadda kamfani ya sa. Kada ka ɗauki mai lambar da ta fi ta asali da nufin ƙarin ƙarfi, tsohon lagireto mai kan roba zai iya fashewa.

5. Neman inda ruwa ke zuba

Cika ruwa, ɗaura famfon gwaji, buga shi zuwa lambar da ke kan murfi, kada ka wuce. Jira minti 10 zuwa 15. Idan allurarsa tana sauka, ruwa na fita ta wani wuri, bi da tocila. In babu famfon, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, tayar da inji ya yi zafi, kashe, ka jira. Bayan kashewa ne matsi yake ƙaruwa, ƙananan ɓuloli su bayyana.

Wuraren dubawa: bakin kowane tiyo inda kilif ya kama, gaɓar da kan lagireto na roba ya haɗu da alminiyon, ƙananan tiyoyin hita da ke bayan inji, ƙaramin ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, da faya-fayan ƙarfe da aka toshe ramukan gefen inji da su, waɗanda tsatsa ke ci daga ciki. Busasshen kulant yana barin fari ko jan gari a inda ya bi. Taɓa kafet ɗin gaban fasinja, in ya jiƙe, hita ce ke yoyo.

Idan a daji abin ya same ka: tiyon da ya fashe kusa da baki, yanke wurin ka tura sauran ka ɗaure. Wanda ya fashe a tsakiya, busar da shi, naɗe da robar tiyub sosai, ɗaure da waya. Idan bututun lagireto ɗaya ne ya huje, share zanzayen da ke kewaye da shi, wato siraran ƙarafan da ke tsakanin bututan, yanke shi, lanƙwasa kowane baki da filaya ka matse, ka shafa gam. Bayan kowane irin wannan gyara, bar murfin lagireto a tsayawar farko don kada matsi ya taru, tafi a hankali, ka riƙa tsayawa kana ƙara ruwa. Abin da ba na so shi ne zuba ƙwai ko garin rogo ko barkono cikin lagireto. Yana iya tsayar da yoyon na yini ɗaya, amma zai toshe bututun da ke da lafiya har da na hita.

6. Fuskar lagireto

A motar daji, nan ne na fi samun ɓarawon. Mutum zai leƙa ta gaba ya ga komai fes, ya ce lagireto a wanke yake. Abin da ya gani kwandensar esi ce. Lagireton yana bayanta, kuma a 'yar tazarar da ke tsakaninsu ne jar laka da ƙaiƙayi da furen ciyawa da ƙwari ke taruwa su daskare kamar bulo. Wanda ke bin hanyoyin gonakin dankali da damina, ko ya ratsa doguwar ciyawa a watan Oktoba da Nuwamba lokacin da take zubar da 'ya'ya, lallai zai tara wannan. Ƙurar hunturu kuma ta zo ta liƙe sauran ramukan.

Gwajin mai sauƙi ne. Da yamma ko a inuwa, sa tocila ta bayan lagireto, wato ta ɓangaren inji, ka leƙa ta gaba. Duk inda haske bai ratso ba, iska ma ba ta ratsawa. Ka fi mai da hankali ga kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, nan laka ke zama.

Wajen wankewa, kwance ƙusoshin da suka riƙe lagireto ta sama ka ɗan karkato shi baya don ka samu shiga tsakani. Jiƙa lakar ka bar ta ta yi laushi na kwata ɗin awa. Sannan ka fesa ruwa daga ɓangaren inji zuwa gaba, domin dattin ya koma ta hanyar da ya shigo. Yi da tiyo mai matsakaicin ƙarfi. Injin feshin masu wankin mota, idan aka kusanto da shi, yana kwantar da zanzayen alminiyon, kuma zanzan da ya kwanta ya rufe hanyar iska ke nan. Waɗanda suka riga suka kwanta, miƙe su ɗaya bayan ɗaya da siririn sukundireba. In lakar ta yi yawa, babu abin da ya fi a cire lagireton gaba ɗaya a kwantar da shi a wanke.

Duba kuma abin da aka ɗora a gaban motar. Katon bamba na ƙarfe, winci, manyan fitilu huɗu, lambar mota a tsakiyar raga, kowanne yana cin rabonsa na iska. Na sha ganin motar da zafinta ya fara daga makon da aka yi mata wannan ado.

Toshewar ciki kuwa, bari inji ya yi zafi sosai, kashe shi, cire makulli, ka bi fuskar lagireto da ma'aunin zafi ko bayan hannu. Zafin ya kamata ya ragu a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. Idan ka tarar da wani yanki mai sanyi a tsakiyar masu zafi, bututun wurin sun toshe. Kai wa masu lagireto su buɗe kansa su zura ƙarfe su share kowane bututu. Idan zanzayen suna marmashewa a hannu, ko an riga an kashe bututu da yawa, canja shi kawai.

7. Fanka

Yawancin motocin nan fankarsu tana jikin inji, bel ke juya ta, kuma tsakaninta da fuli, wato faifan da bel ke bi ta kansa, akwai wani kuloci mai man silikon a ciki. Idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, kulocin ya kama, fanka ta ja iska da ƙarfi. Idan ya tsufa, fankar za ta ci gaba da juyawa, ido zai ga kamar tana aiki, amma ba ta jan komai. Wannan ne ke yaudarar mutane.

Inji a kashe, makulli a aljihunka, juya fankar da hannu ka saki. Mai lafiya tana da ɗan nauyi, ba ta wuce zagaye ɗaya ta tsaya. In ta yi ta wulwulawa kamar fankar ɗaki, man ya ƙare. Maimaita bayan inji ya yi zafi sosai an kashe shi, a nan ya kamata ta ƙara tauri. Girgiza ta gaba da baya, kada ta yi kaɗa-kaɗa. Duba fuskar kulocin, maiƙo da ƙura suka manne alama ce ya zubar da mai. Kunne ma yana taimakawa: mai lafiya tana yin gurnani na ɗan lokaci da safe in an tayar, ta yi shiru, sannan ta sake yi idan inji ya yi zafi a kan hawa. Motar da allurarta ke sama amma ba ka jin gurnanin fanka, ka samu mai laifi. Kada ka gwada tsayar da fanka da hannu ko sanda inji na aiki.

Wasu kulocin ana iya kwance su a sake zuba man silikon, wasu sai canji. Ɗaure shi da ƙusa ko walda ya zama dabarar fita daga daji kawai. In aka bar shi haka, mota za ta ƙara shan mai, ƙara ta dame ka, famfon ruwa ya gaji da wuri. Ga kuma haɗarin rafi: fankar da aka ɗaure idan ta shiga ruwa, fukafukanta suna lanƙwasowa gaba su yanki lagireto. Ko da fanka mai lafiya ce, kafin ka tsallaka ruwan da ya kai bamba, tsaya inji ya ɗan huce, ka shiga a hankali.

Kejin roba da ke kewaye da fanka ba ado ba ne. Shi ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Idan wani ya cire ya jefar, nemo wani a wurin masu sayar da kayan mota na Dilimi ka mayar.

Mai fankar lantarki, kunna esi, ya kamata ta tashi. In ba ta tashi ba, duba fis, sannan rile, wato ɗan makunnin da ke sakar mata wuta. Za ka iya musanya rilen da wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na ham, don gwaji. In har yanzu shiru, ba ta wuta kai tsaye daga batir, in ta juya, matsalar waya ce ko sensa, sai rewaya. Idan an taɓa yi mata aiki, sa takarda a gaban raga: ya kamata iska ta manne ta. In tana ture ta, an juya wayoyin.

Bel kuma, danna tsakiyarsa da babban yatsa. Irin tsohon bel mai siffar V bai kamata ya nutse fiye da kusan santimita 1 ba. Mai sheƙi ko tsagewa a canja shi.

8. Tamostat da famfon ruwa

Bi manyan tiyoyin lagireto biyu ka ga wanne ne ya ƙare a gidan tamostat. A injinan Toyota da yawa na ƙasa ne. Tayar da inji daga sanyi kana taɓa tiyoyin, nesa da fanka. Idan allura ta wuce rabi amma lagireto da tiyon ƙasa suna nan da sanyinsu, ruwa ba ya zagayawa.

Cire tamostat ɗin. A jikinsa an buga lambar zafin da yake fara buɗewa, sau da yawa 82. Rataye shi da waya a cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindinta, ɗora a wuta. Ya fara buɗewa kusa da lambarsa, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe sosai, kusan faɗin ƙaramin yatsa, in ya huce ya koma ya rufe ruf. Ya kasa ɗaya daga cikin ukun, sayi sabo mai lamba iri ɗaya. Wajen ɗaurawa, ɗan ƙaramin ramin da ke da 'yar ƙusa mai motsi ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Na san abin da za a ce maka: cire shi ka yar, na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, balle a Jos inda asubahin Disamba da Janairu ke sa mutum rawar ɗari. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai fiye da kima, baƙin mai ya yi saurin lalacewa, ringi da silinda su ci juna. Injin mai kwamfuta kuma zai yi ta zuba mai da yawa yana zaton har yanzu safiya ce. Ban da haka, tamostat ɗin injina da yawa yana da faifai na biyu a gindinsa wanda ke rufe wata gajeriyar hanya idan inji ya yi zafi. In ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye inji ba ya zuwa lagireto, sai motar ta yi sanyi a gari ta yi zafi a kan hawa. Cirewa tana da wuri ɗaya: ya maƙale maka a daji, ka cire don ka isa gida, washegari ka sa sabo.

Famfon ruwa yana nuna mutuwarsa ta hanya uku: ɗigo daga ramin ƙasansa, ƙara kamar niƙa, ko fuli mai girgiza idan ka sassauta bel ka kama shi. Akwai ta huɗu da ba a gani daga waje, wato tsatsa ta cinye fukafukansa. Buɗe murfi inji a sanyaye, tayar, jira tamostat ya buɗe, ɗan taka totur. Ya kamata ka ga ruwa na gudu a wuyan lagireto. In ya tsaya cik, cire famfon ka duba. Ka kuma kalli tiyon ƙasa lokacin da ake taka totur, wanda ya tsufa yana shanyewa ya manne ya hana ruwa wucewa.

9. Gasket da kan silinda

Na ajiye shi a nan da gangan, domin shi ne mafi tsada, kuma sau da yawa shi sakamakon zafin ne, ba tushensa ba. Alamominsa: kumfa na ɓulɓulowa a wuyan lagireto ba ƙaƙƙautawa tun inji na da sanyi, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, inji na rawa da safe, ruwa na ɓacewa ba yoyo. Farin tururin salansa na sanyin safiya wanda ke ɗaukewa bayan 'yan mintuna ba komai ba ne.

Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma ɗorawa a motar fetur, ko kore-kore a ta gas. In babu, ɗaura safar hannu ta roba ko balan-balan a bakin lagireto, toshe ƙaramin tiyon gefe, tayar da inji mai sanyi. Ta kumbura nan da nan, akwai matsala.

Idan ya tabbata, kada a sa sabon gasket sai an kai kan silinda an auna shafewarsa an kuma gwada ko ya tsage, musamman na alminiyon. A ɗaure ƙusoshin da sifana mai ma'auni, bisa tsarin da kamfani ya bayar, ba da ƙarfin dantse ba. Kuma dole a koma a gano abin da ya fara kawo zafin, in ba haka ba sabon ma zai ƙone.

10. Idan duk waɗannan lafiya suke

To injin ne ke wahala fiye da kima. Bayan fitowa daga taɓo, taɓa kusa da kowace ƙafa ka ji, birkin da laka ta riƙe yana sa ƙafa zafi, inji kuma ya yi ta ja. Duba filtar iska. Motar gas mai baƙin hayaƙi a kan hawa tana ƙona mai fiye da iskar da take samu, a duba nozul da famfon mai. Ta fetur a duba taimin, wato saitin lokacin da wuta ke kamawa a inji, da salansa ko ta toshe. Buhunan dankalin da suka wuce ƙa'ida da manyan tayoyin da ba na motar ba duk suna cikin lissafi.

Tuƙi ma yana da nasa. Hawa da babbar giya inji na nishi yana haifar da zafi alhali fanka da famfo suna juyawa a hankali. Sauko giya. A yashi ko taɓo ko dutse, sa ogzilari, wato giyar ƙarfi ta tayoyi huɗu, tun kafin mota ta fara wahala. Wannan ya fi muhimmanci ga mai atomatik, domin a yawancinsu man giya yana hucewa ne ta cikin lagireto, giyar da ke zamewa tana dafa ruwan inji.

Wani lokaci kuma allurar ce ke ƙarya. Ta nuna ja amma ma'aunin hannu ya nuna zafi daidai, babu tafasa babu wari, a duba sensa da wayar at, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota.

11. Zuba ruwa da fitar da iska

Ruwan rijiya da na burtsatse su ne ke haifar da yawancin tsatsa da farin dutsen da ke toshe lagireto. Yi amfani da kulant. Wanda aka riga aka haɗa, zuba shi yadda yake. Mai kauri kuma a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na ƙara wa batir, amma ka tabbata ruwa ne zalla ba mai asid ba. In babu, ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta aka tace ya fi na rijiya. Kada ka gauraya kulant iri biyu. Tsohon da ka zubar kuma kada ka bar shi a buɗe, yana da zaƙi kuma guba ne, yaro ko akuya ko kare na iya sha.

In tsohon ruwan ya yi tsatsa, cika da ruwa mai tsabta, tayar ya yi zafi, bari ya huce, zubar, maimaita har ya fito garau.

Tsayar da mota hancinta na kallon tudu. Murɗa hita zuwa zafi. Zuba a hankali har wuya, kana matsa tiyoyi don iska ta fito. Idan injin yana da ƙusar fitar da iska, sassauta ta har ruwa ya fito ba kumfa. Tayar da inji murfi a buɗe, bar shi a silo. Lokacin da tamostat ya buɗe za ka ga ruwan ya faɗa ƙasa, ƙara. Idan kumfa ta ƙare, hita na hura zafi, rufe murfi, cika robar gefe zuwa layin sama, kada ka wuce shi.

12. Gwaji

Gwada motar a irin yanayin da ta saba yin zafin. In a tsaye take yi, bar ta a silo da esi minti 20 da rana. In a kan hawa ne, ɗora mata kaya ka nemi tudu mai tsawo, jarkar ruwa na bayanka, idonka na kan allura. Zagaye unguwa ba kaya ba zai gaya maka komai ba. Washegari da safe kafin ka tayar, buɗe lagireto ka duba. Raguwa kaɗan a rana ta farko ragowar iska ce ta fita, cika. Sa alama da biro a jikin robar gefe, ka riƙa dubawa kowace safiya har mako guda. In ruwan ya ci gaba da sauka ƙasa da alamar bayan kwana na biyu, koma mataki na 5.